Fitilar LED a Kan Babur: Jagora ga Mai Bin Hanyar Daji da Dare

Duk wanda ya taɓa tasowa daga kasuwar ƙauye bayan sallar isha'i, da buhu biyu ɗaure a bayan babur, ya san irin duhun da nake nufi. Kwalta ta ƙare tun a bakin gari, an hau burji, daga burji an faɗa burtali. Fitilar da babur ya zo da ita tana ba da jan haske kamar acibalbal. In ka murɗa totur ta farfaɗo, in ka sassauta don ka lallaɓa ka wuce rami sai ta lumshe, daidai lokacin da ka fi bukatarta. Shi ya sa ƙwan LED ya cika shagunan kayan babur, kowa yana neman ya canza.

Ni ma na canza, kuma na fara da kuskure. Na sayi wani ƙwai mai siffar goyon masara, an jera masa idanu ta kowane gefe. A tsakar gida ya haska har katangar maƙwabta. Daren farko da na shiga hanyar gona da shi, tsakiyar damina, ina ganin rassan bishiyoyi tarwai, amma ƙasar da ke gabana ta zama fari fat, babu inuwa, babu alamar tudu ko kwari. Ruwan da aka yi da la'asar ya zaizaye gefen hanya, ban ankara ba sai da tayar gaba ta faɗa. Allah ya taƙaita, buhun taki ne ya fashe, sai gwiwa da ta kurje. Tun daga ranar na gane cewa tambayoyi uku ake yi wa fitila kafin a yarda da ita: babur zai iya ciyar da ita? Ina haskenta yake sauka? Me take yi wa idon wanda ke tahowa? Jagorar nan amsar tambayoyin nan uku ce.

Abin da ke cikin ƙwan

Tsohon ƙwai zaren ƙarfe ne siriri a cikin gilashi. Wuta tana bi ta cikinsa, ya yi zafi har ya yi fari, kuma mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama. Gargada tana girgiza zaren har ya tsinke, abin da ya sa mai bin hanyar daji ba ya rabuwa da sayen ƙwai. Shi kuwa LED ba shi da zare. Idan ka duba shi da kyau za ka ga 'yan murabba'ai masu ruwan ɗorawa. A ƙarƙashin kowanne akwai ƙwayar da ke fitar da shuɗin haske, ruwan ɗorawar da aka shafa a kai shi ke juya wani ɓangaren shuɗin, su gauraya su fito fari. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi, aka ba su kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki.

Amfaninsa a fili yake. Yana ba da haske ninki uku ko fiye a kan wuta ɗaya, kuma girgiza ba ta dame shi ba. Yana da maƙiya biyu: zafi da gurɓatacciyar wuta. Gabansa ba ya ƙona hannu, amma bayansa yana tara zafi, kuma a can bayan ne ƙananan kayan lantarkin da ke tace masa wuta suke zaune. Kusan duk ƙwan LED da ya mutu da wuri, ɗayan biyun nan ne ya kashe shi.

Fara da sanin wutar babur ɗinka

Kada ka sayi komai sai ka yi wannan gwajin. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka kunna fitila. Idan ta kama, daga batir take shan wuta, wato wutar DC. Idan ba ta kama ba sai ka buga kik, kuma haskenta yana hawa yana sauka tare da totur, to kai tsaye take sha daga kwayil, wato wutar AC. Yawancin ƙananan baburan da ake aiki da su a karkara, masu inji 100 zuwa 150, a rukuni na biyu suke.

LED abincinsa DC ne. Mai babur ɗin AC yana da hanya biyu. Ta farko, ya sayi ƙwan da aka rubuta AC/DC a kwalinsa, wanda ke da abin tace wuta a cikinsa. Wannan ya fi sauƙi, cirewa ne da sakawa, sai dai yakan yi ƙifce-ƙifce idan inji yana sulo. Ta biyu, ya mayar da layin fitila kan batir. Haske zai tsaya cak ko inji yana sulo ko yana gudu, kuma a hanyar daji, inda rabin tafiyar lallaɓawa ce a giya ta ɗaya da ta biyu, wannan babbar riba ce. Amma tana da sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗuwa.

A irin waɗannan babura kwayil yana da layi biyu, ɗaya na fitila, ɗaya na cajin batir. Idan ka ɗauke fitila daga layinta ka ɗora wa batir, wutar da ta bari a can ba ta dawowa cikin caji. Layin cajin nan ƙarami, wanda aka yi shi don hon da sigina da fitilar burki, shi zai ɗauki sabon nauyin. Lissafin ba wuya: raba wat da 12, ka sami amfiya. A ce ka saka ƙwai mai wat 20, da ƙarin fitilu biyu masu wat 10 kowacce. Jimla wat 40, wato amfiya 3 da ɗoriya. A ce cajin babur ɗin amfiya 2 yake bayarwa. Kowace awa kana cin bashin fiye da amfiya 1 daga batirin da gaba ɗayansa bai wuce 5 ko 7 ba. Tafiyar awa biyu ko uku, haske ya fara ja baya a tsakiyar daji.

Mitar gwajin wuta ita ke raba gardama, kuma kowane mai wayarin yana da ita. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Tayar da inji, ka kunna duk fitilun da kake son amfani da su, ka riƙe totur a tsaka-tsaki. Idan mita ta nuna 13 zuwa 14.5, babur yana ciyar da su har yana ajiye saura. Idan ta tsaya ƙasa da 12.5 tana ci gaba da sauka, kayan sun fi ƙarfinsa, sai a rage. Idan kuwa ta haura 15, raktifaya, wato abin da ke daidaita wutar caji, ta lalace, kuma duk ƙwan da ka saka za ta ƙona shi. A canza ta tukuna.

A gaban mai shago

Ka tafi kasuwa da tsohon ƙwanka a aljihu, domin gindin ƙwai iri-iri ne. Akwai H4 da HS1 masu ƙafa uku, akwai BA20D mai kunnuwa biyu a gefe da ake turawa a murɗa, akwai P15D mai ɗan faranti. Wanda bai dace da gurbinsa ba, ko an matsa shi ya shiga, ba zai zauna daidai ba, kuma ƙwan da bai zauna daidai ba haskensa ya watse ke nan.

Sai siffar ƙwan. Ƙoƙon fitila madubi ne da aka lanƙwasa don ya tattara haske daga wuri guda tak, inda zaren tsohon ƙwai yake zaune. Ajiye tsohon da sabon gefe da gefe, gindi daidai da gindi. Idanun LED su faɗo daidai inda zaren yake, su zama ƙanana, a jere a kan siririn allo, fuska biyu kawai. Idan irin H4 ne ko HS1, ka nemi ɗan murfin da ke ƙarƙashin idanun dim, shi ke yanke haske kada ya tashi sama. Mai siffar masara, da mai fuska huɗu ko shida, ka bar wa mai shago kayansa. Su ne masu haska rassan bishiya su bar rami a duhu.

Lambobin da ke jikin kwali kuma a yi musu awo. Ana auna yawan haske da lumen. Tsohon ƙwan HS1 mai wat 35 yana ba da kimanin 825 a ful, 525 a dim. Na H4 irin na mota yana ba da kimanin 1,650 a ful, 1,000 a dim. Ƙwan LED na kirki yana ba da wajen lumen 100 a kan kowane wat. Saboda haka ƙwan da ke cin wat 15, abin da za ka sa rai da shi wajen 1,500 ne, wanda ya kusa ninka hasken ful na tsohon ƙwanka. Idan ka ga an rubuta 20,000 a kan ƙwai mai girman babban yatsa, ka san talla ce. Ka roƙi a jona shi a batir ta cikin mita a ga amfiyar da yake ja, a ninka da 12, wat ɗinsa na gaskiya ya fito. Sannan a bar shi a kunne minti 10. Mai araha yakan fara da ƙarfi, da ya ɗau zafi sai ya dusashe. Araha ba ta ado.

Duba yadda yake shan iska. Wani fanka ce ƙarama a bayansa, wani haƙarƙarin alminiyom ne irin na jikin inji. A kan kwalta mai fanka yana aiki lafiya. A hanyar ƙura kuwa, fankar ce ke fara cikewa ta tsaya, ƙwan ya bi ta. Ga mai bin daji, mai haƙarƙari ya fi kwanciyar hankali, ko da haskensa bai kai na mai fanka ba. Ga fitilun da za su zauna a waje, nemi alamar IP67. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 7 tana nufin za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Mai tsallake rafi da damina ya san darajar wannan.

Launin haske ana rubuta shi da lamba mai harafin K. Tsohon ƙwai yana wajen 3,200, yawancin LED na kasuwa 6,000 zuwa 6,500, fari mai sirkin shuɗi. A daren da sama ta yi garau yana da kyau. Amma cikin hazon hunturu, ko a bayan motar da ta tayar da ƙura, farin nan yana dawowa ido ya zama kamar bango, ido ya gaji da wuri. Mai ruwan ɗorawa, wajen 3,000, ya fi sauƙi a ido a irin wannan yanayi, kuma da damina shinge da sauran ƙwari ba sa yi masa rubdugu kamar yadda suke yi wa farin. Idan da hali, babbar fitila ta zama fara mai laushi, tsakanin 4,300 da 5,000, ƙananan fitilun da za a ƙara a ƙasa su zama masu ruwan ɗorawa.

Ƙarin fitilu da inda ake ɗaura su

A hanyar daji inuwa ce ke faɗa maka gaskiyar ƙasa. Rami ana gane shi da baƙin da ke cikinsa, kututture da dutse da inuwar da suka jefa bayansu. Hasken da ke fitowa daga kusa da tsayin idonka yana ɓoye inuwar a bayan abin, sai ƙasa ta yi maka kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma. Hasken da ke fitowa daga ƙasa yana jan inuwa ta yi tsawo, kowane tudu da kwari ya bayyana. Kuma idan akwai ƙura, fitilar da ke ƙasa ba ta dawo maka da haske cikin ido sosai. Don haka gurbin ƙananan fitilu shi ne daidai tsayin gwiwa ko sama kaɗan, a kan ƙarfen kariya da ke gaban inji, ɗaya dama ɗaya hagu.

Ƙananan fitilun iri biyu ne. Akwai mai tsinin haske, mai harba shi nesa kamar tocila, akwai mai baza shi gefe da gefe. Mai tsini na masu gudu ne a fili miƙaƙƙe. A burtali mai lanƙwasa, inda haɗarin yake fitowa daga gefe, akuya ko yaro ko bakin kwazazzabo, mai bazawa ya fi amfani. Babbar fitila ta riƙe nesa, ƙananan su riƙe gefe da kusa. Biyu masu wat 8 zuwa 10 kowacce sun isa, idan gwajin mita ya yarda da su.

Kafin ka ɗaure noti, juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka danna gaban da ƙarfi shokazoba ta nutse, ka tabbata babu abin da ke taɓa wani. Kada fitila ta tare iskar da ke sanyaya inji. Kada a ɗaura ta a ƙasan ƙafar gaba kusa da taya, domin can duk dukan hanya yake sauka. Sa washa mai tsaga ko noti mai roba a ciki, in ba haka ba gargadar mako ɗaya za ta kwance ta.

Fitilar goshi da wasu ke ɗaurawa a hular kwano tana da ranarta. Tana bin inda ka duba, tana leƙa bayan kwana kafin babur ya juya, kuma idan taya ta yi faci ita ce abokiyar aiki. Sai dai da yake tana saman ido, ba ta nuna inuwa, kuma duk wanda ka kalla ka dalle shi. Mataimakiya ce, ba a dogara da ita ita kaɗai.

Haɗa waya

Kayan aiki: sukuddireba, sifana, filaya, mita, waya mai kauri milimita 1 zuwa 1.5, fiyus mai amfiya 5 da gidansa, rile mai ƙafa huɗu, makunni mai jure ruwa, dalma, da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, ko baƙin salatif mai kyau.

1. Cire wayar batir mai alamar ragi kafin ka taɓa komai. Ita ce ta farkon cirewa, ita ce ta ƙarshen mayarwa.

2. Buɗe ƙoƙon fitila ka cire tsohon ƙwai, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa. Naɗe shi a tsumma ka ajiye, zai yi maka rana.

3. Saka sabon, idanunsa suna kallon dama da hagu, allon yana tsaye, ɗan murfin dim yana ƙasa. Mayar da robar da ke hana ƙura shiga, amma ka bar haƙarƙarin a waje ya sha iska.

4. Idan za a mayar da fitila kan batir, a cire wayar AC da ke kawo wuta ga makunnin fitila, a rufe bakinta da kyau, a bar mahaɗarta da raktifaya yadda take. A jawo wa makunnin wuta daga wayar da ba ta kawowa sai an murɗa makulli. A baburan da ke bin tsarin Honda, irin CG125 da 'yan China da suka kwaikwaye shi, ja ita ce ta batir, baƙa ta bayan makulli, koriya ta bodi, ruwan ɗorawa ta AC, shuɗiya ful, fara dim. Na Bajaj da TVS launinsu daban ne, don haka mita za a bi. Ka tuna fitilar baya da ta agogon gudu sukan rataya a layi ɗaya da ta gaba, su ma za su koma kan batir, sai a canza su zuwa LED don a rage nauyi.

5. Ƙananan fitilu a ja musu layinsu daban. Daga kan batir mai alamar ƙari zuwa fiyus, kuma fiyus ya zauna kusa da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Daga fiyus zuwa ƙafar rile mai lamba 30. Daga 87 zuwa fitilu. Ƙafa 86 ta karɓi wuta daga makunninka, wanda shi kuma yake sha daga bayan makulli. Ƙafa 85 ta tafi bodi. Da wannan tsari, da ka zare makulli komai ya mutu, ba za ka wayi gari batir ya kwana yana zuba ba.

6. Inda za ka ɗaura wayar bodi, kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes. Rabin matsalolin fitila daga nan suke.

7. Kowace mahaɗa a yi mata dalma a rufe. Waya biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda ba sa kai ƙarshen damina. Bi da wayoyi ta jikin firam, nesa da salansa da kan inji, a ɗaure su tazara-tazara, a bar musu ɗan sako-sako a wuyan babur don juyawa.

8. Mayar da batir, ka gwada dim, ful, ƙananan fitilu, hon da burki, sannan ka maimaita gwajin mita da komai a kunne.

Wanda bai saba da waya ba ya kai wa mai wayarin, amma ya tsaya a kansa. Abu biyu kada ka yarda a tsallake ko an ce maka ba komai: fiyus da dalma. Waya marar fiyus da ta goge a jikin firam, a ƙarƙashin tankin mai take.

Saiti a jikin bango

Wannan aikin minti 15 ne, ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ya fi duk sauran tasiri. Bayan magariba, nemi fili mai daidai da bango a gabansa. Tsayar da babur mita 5 daga bangon, yana fuskantarsa sak. Hau ka zauna, ka sauke shi daga jaki, da irin kayan da ka saba ɗauka, ko mutum a baya idan goyo ka fi yi. Nauyi a baya yana ɗaga hancin babur, fitilar da aka saita babu kaya tana komawa sama da an ɗora buhu.

Wani ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyar gilashin fitila, ya ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayin. Ya sake jan layi na biyu, santimita 5 zuwa 8 a ƙarƙashin na farko. Kunna dim. Saman hasken ya tsaya a layi na biyu, kada ya haura. Sassauta notin gefen ƙoƙo ko sukurun saiti, ka sunkuyar ko ka ɗaga har ya zauna, ka ɗaure. Idan hasken ba shi da iyaka a sama ko kaɗan, ya bazu a bango kamar an watsa ruwa, ƙwan bai dace da ƙoƙon ba. Juya shi ka gani, in bai gyaru ba a canza shi.

Ƙananan fitilu a sunkuyar da su fiye da haka, tsakiyar haskensu ya sauka ƙasa mita 10 zuwa 15 a gaba, a ɗan buɗe su waje. Ta hagu ta fi sunkuyawa, domin a Najeriya da Nijar ta hagunka mai tahowa yake wucewa. Kada ka tara haske a gindin tayar gaba. Ƙasa mai tsananin haske a kusa tana sa ƙwayar ido ta tsuke, nesa ta ƙara yin duhu.

A kan hanya

Sabon haske yana zuwa da jaraba, wato ƙarin gudu. Ga lissafin da ya kamata ya zauna a kai. Mai tafiyar kilomita 36 a awa yana cin mita 10 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gane abu, ƙafa ta kai ga burki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, mita 15 ke nan. A kan yashi ko tsakuwa burkin kansa zai ci wasu mita goma sha wani abu. Idan ka ninka gudun, nisan burki ninki huɗu yake zama. Gwada fitilarka da kanka: tsaya a hanya, wani mai baƙaƙen kaya ya yi ta tafiya gabanka yana ƙirga taku, har ka daina ganin ƙafafunsa. Wannan nisan shi ne iyakar ganinka na gaskiya, kuma gudunka ya zama wanda za ka iya tsayawa a cikinsa. Sauri ya haifi nawa.

Cikin ƙura ko hazo, sauka daga ful, ka bar dim da ƙananan na ƙasa. Idan kuna tafe a jere, ba na gaba tazara har ƙurarsa ta kwanta, kuma kada ka sa masa ful a baya, domin inuwarsa za ta faɗa gabansa ta rufe masa hanya. Idanu masu ƙyalli a gefe alamar garke ne, kuma inda ɗaya ta tsallaka saura suna biye. Jaki ya fi haɗari, duhu ne da shi kuma ba ya gusawa. Amalanken shanu ba ta da fitila, shanun kuma suna firgita da farin haske, don haka a rage tun daga nesa a wuce a hankali. Ruwa kwance a hanya ba ya dawo maka da haske, sai ya yi baƙi, ba ya nuna zurfinsa. In ba ka san wurin ba, sauka ka auna da sanda.

Bayan kowace tafiya goge gilashi da jiƙaƙƙen tsumma, busasshe yana karce shi. Duk mako taɓa notuna, ka kakkaɓe laka daga haƙarƙari. A ƙarƙashin kujera a samu tsohon ƙwai, fiyus biyu da tocila. LED sau da yawa ɗauke wuta yake yi farat ɗaya, abin da ya sa na ce a raba layin babbar fitila da na ƙananan. Idan haske yana rawa a gargada, duba wayar bodi da mahaɗai. Idan yana dusashewa bayan rabin awa, zafi ne ko batir. Idan ƙwai biyu sun mutu a jere, koma kan raktifaya.

Doka da haƙƙin mutane

Tafiyar dare a babur ba ko'ina aka yarda da ita ba. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda matsalar tsaro, a Nijar ma an taɓa hana hawa babur a sassan Diffa da Tilaberi. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka ka san wadda ke aiki a yankinka kafin ka fita. Fitila mai walƙiya, da mai launin ja da shuɗi, ta jami'an tsaro ce da motocin asibiti, kada ta hau babur ɗinka. Idan ka doshi shingen jami'ai ko na 'yan sintiri, kashe ƙananan fitilu tun daga nesa, ka koma dim, ka rage gudu. Mutumin da ka makantar ba ya iya gane ko kai wane ne, kuma a dare irin na yanzu wannan kaɗai ya isa ya jawo abin da ba a so. Da ka hau kwalta ko ka shiga gari, ƙananan fitilu sun gama aikinsu.

Hanyar daji ta kowa ce. Akwai dattijo a kan keke da damin itace, akwai mata masu dawowa daga niƙa, akwai ɗan'uwanka mai babur da har yanzu tsohon ƙwai yake fama da shi. Idan farin haske ya bugi idon da ya saba da duhu, mutum yakan yi daƙiƙoƙi bai ga komai ba, kuma a burtalin da gefensa ƙaya ce ko rami, daƙiƙoƙin nan suna da yawa. Shi ya sa makunnin ƙananan fitilu ya kamata ya zauna inda babban yatsanka zai same shi ba tare da ka duba ba.

Akwai gwaji na ƙarshe da bango ba zai yi maka ba. Daren farko bayan saiti, ka lura da mutumin farko da za ku yi kiciɓis. Idan ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, ko ya tsaya cak ya kau da kai, koma bango gobe ka ƙara sunkuyar da ita. Idan kuwa ya ci gaba da tafiyarsa a kan turbarsa, ka ce masa sannu da hanya, ya amsa yana kallonka, to fitilarka ta zauna.